Daminar da Muka Yi wa Takarda Gayya

Ruwan shekaranjiya ne ya kora ni shagon Malam Buba. Na fito daga gaisuwar rasuwa a Hammadu Kafi, ban kai bakin titi ba hadari ya rufe, ni kuwa ƙafata ta daina gudu tuntuni. Shagon yana nan inda na san shi, inda ake buga wa mutane takardu da kwamfuta, sai dai mai shagon gemu ya yi fari fat. Ya jawo mini benci ya ce, "Goggo, Allah ne ya kawo ki. Matso ki ga wani abu."

Na ce, "Ni ba abin da na taɓa gani a injin nan naka sai baƙin ciki."

Bai ji haushi ba, ya san dalili. Ya ce mutanen da suka ƙera abin da yake rubutu da shi a cikin kwamfutar sun yi masa ƙari. Wai yanzu in ka rubuta lissafi, ka fitar da takardar don a kai wa injin bugawa, alamomin ba sa zubewa a hanya, an koya masa ɗaukar su. Ya danna wani wuri, injin ya yi gurnani ya turo takarda da ɗuminta. Na sa tabarau na duba. Ga su nan reras, kowace a wurinta, baƙa wuluk.

Na ce, "Sai yanzu?"

Ya ce, "Sai yanzu, Goggo."

Muka zauna ruwa yana dukan kwano. Da na dawo gida na ɗauko littafina da biro. Rubutuna ba kyau, na tsufa kafin na koya, amma haka za a karanta shi.

Shekarar da nake faɗa, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Wanda bai yi irinsa ba zai ce ai da sauƙi, ga sanyin ruwa. Ƙarya ne. Ruwa zai zuba da safe, kafin azahar rana ta fito ta dafa ƙasa, tururi ya tashi, jiki ya yi danƙo, kana numfashi kamar ta cikin jiƙaƙƙen zane. Ga sauro. Ga yunwa, ita ce babbar. Kakar da ta wuce ba mu samu abin kirki ba, hatsinmu ya ƙare tun kafin shuka. Ruwan farko ya yaudare mu, muka shuka, ya ɗauke sati uku, iri ya ƙone. Muka sake. Da ya dawo kuma sai ya dawo da fushi. Kwarin da ke bayan unguwarmu a Kagarawal kullum sai ya ci wani abu, yau katangar wani, gobe masai, har ya ci sandar wuta. Tun azumi yana kwana uku ba mu sake ganin lantarki ba har aka yi salla. Yanzu an ɗaure bakin kwarin da siminti ta wajenmu, mutane har shanya suke yi a kai.

A gidan mu huɗu ne: ni, da 'yata Hauwa, da 'ya'yanta biyu ƙanana. Mijina ya rasu, nata ma ya rasu, ba namiji ko na magani.

Da asuba in akwai ɗumamen tuwo mu taɓa, in babu mu sha ruwa mu ɗauki niyya. Gari na wayewa in saɓi fartanya, tafiyar sa'a guda, in yi maimai har rana ta fara cizo. A hanyar dawowa in tsinko tafasa da rama. Masara ko goyo ba ta yi ba, gero iyakarsa gwiwa, kana kallon gona kore shar amma ba abin kai wa baki. Da la'asar in fara faɗa da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika ido, a dama kunun kanwa ba sukari, a kwaɗa tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli na shaida. Da shi ake buɗa baki, shi ne kuma abincin dare. Yaran suka daina tambayar nama, daga baya suka daina tambayar shinkafa.

Abin da ya tsare mu daga roƙo aikin Hauwa ne. Tana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Barunde, shekara guda ana gwada ta. An ce mata in jarrabawar ƙarshen shekara ta wuce lafiya, za a ba ta takardar zama ma'aikaciya sosai. In ba ta wuce lafiya ba, akwai masu jiran kujerar. Kuma an riga an ja mata kunne sau ɗaya. Zangon da ya wuce alamomi uku sun ɓace a takardar jarrabawarta, ta rubuta wa yara a allo. Mai makarantar ya kira ta ofis ya ce iyaye ba don a yi musu gyara a allo suke kawo 'ya'yansu ba, kada ya sake gani.

Ga yadda abin yake, yadda Hauwa ta fahimtar da ni. Malam Buba ne yake buga mata tambayoyin. A gilashin kwamfutarsa komai daidai, ta zauna kusa da shi ta bi layi-layi. Amma injinsa ƙarami ne, ba ya buga da yawa. Dole ya fitar da rubutun ya mai da shi irin wanda kowace kwamfuta za ta buɗe, ya sa a ɗan filashi, a kai wani babban shago mai janareto kusa da kasuwa. To a wurin fitarwar nan ake ɓarin. Haruffa su wuce, lambobi su wuce, tarawa da ɗebewa su wuce. Amma manyan alamomin lissafi abin bai san su ba, sai ya yar da su, ya ajiye ɗan akwati fanko a gurbin kowace. Wannan karon Malam Buba ya rantse mata ya gano dabara. Bai gano ba. Masu babban shagon kuma ba ruwansu, abin da aka kawo suka buga, duka, a kan takardar da makaranta ta bayar, suka naɗe suka manne.

Ranar Juma'a da la'asar Hauwa ta karɓo. Kamata ya yi ta wuce da su makaranta a kulle a kabad sai Litinin, ranar jarrabawa. Ruwa ya tsare ta a wata rumfa, ta ce bari ta leƙa guda ɗaya. Da ta leƙa sai ta yo gida.

Ta shigo jiƙe sharkaf, ƙunshin yana cikin hijabinta. Ta zube a ƙasa ta ce, "Dada, na mutu."

"Wa ya kashe ki? Tashi ki cire kayan nan, kina rawar ɗari."

Ta warware ta miƙo mini ɗaya. A lokacin shekarata biyu a ajin manya. Na iya rubuta sunana, na iya karanta katin asibiti, ina ji da kaina. In muna tafiya a titi sai in riƙa karanta allunan shaguna da ƙarfi, har Hauwa ta ce in rufa mata asiri. Da Turanci aka rubuta takardar, ban gane ba, amma ganin akwatunan ba sai mai Turanci ba. Gaba da baya, kamar ƙyanda ta fito mata.

Na ce, "Nawa ne?"

"Kowace takarda sun kusa arba'in. Takardun sun haura ɗari biyu."

"A sake bugawa mana."

"Da wace takardar? In na je na ce a ƙara mini, ai na kai kaina ƙara. Ko mu saya? Mu da ko sukari ba mu da shi?"

Ta ce za ta cike da hannu. Na taɓa goshinta, zafi kamar murhu. Na ce wannan hannun gobe ko cokali ba zai riƙe ba, gayya za mu yi, yadda ake yi wa gonar da ciyawa ta fi ƙarfin mai ita.

Ta ce, "Dada, takardar jarrabawa ce fa. Ba a nuna wa kowa. Ko gidan nan bai kamata ta shigo ba."

Na ce, "Wa zai karanta? Adda Dije?"

Na ji maganarta da kunne, amma ban auna nauyinta ba.

Asabar ba wanda ya je gona. Hauwa ta lallaɓa ta ɗauki takarda ɗaya ta cike duk akwatunan da jan biro, don mu riƙa kallo muna kwaikwaya. Ta nuna mini wata alama mai kama da bakin kaza a buɗe, da sanda kwance a ƙarƙashinsa, ta ce inda bakin ya buɗe nan ne babba yake. Tana gamawa zazzaɓi ya kayar da ita. Na tilasta mata ta ajiye azumi ta sha magani, na lulluɓe ta da bargo biyu a ɗakinta, haƙora suna kaɗawa.

Mu uku muka zauna. Ni. Da Adda Dije, yayar marigayi mijina, wadda ba ta taɓa riƙe biro ba, amma in ta kalli zanen faifai sau ɗaya za ta saƙa maka irinsa ba kuskure. Da Saraya, maƙwabciyarmu 'yar Tangale mai tuyar ƙosai, ita ta gama firamare.

Saraya ta duba ta ce, "Maman Malama, wannan rubutun aljanu ne? Mu a zamaninmu biyu da biyu huɗu, a tashi."

Sai muka raɗa wa sauran suna don mu gane su. Akwai ƙugiya da take rufe kan lamba. Akwai 'yar kujera mai ƙafa biyu. Akwai ƙwai mai ɗamara.

Rumfa tana yoyo, don haka ɗakina muka shiga, muka bar ƙofa a buɗe don haske. Na kifa babban faranti a tsakiya, na ɗora takardar jan biron a kai, na danne da dutse. Muka kewaye ta yadda muke kewaye ƙwaryar gyaɗa in za mu ɓare: ni nan, Saraya a gefena, Adda Dije a gabana muna fuskantar juna. Takardar ni take kallo, don ni ce mai ɗaki, ni ce kuma mai sabon karatu. Muka raba aiki yadda ake raba kunya a gona, kowa da tata. Ni ƙugiya da kujera, Saraya ƙwai da sauran tarkacen, Adda Dije bakin kaza, wanda ya fito wuri bakwai a bayan takarda.

Adda Dije ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ɗauki takarda ta jera ta da ta kan farantin, kai da kai, ta ƙirga akwatuna da farce yadda take ƙirga kaba, ta fara zanawa a hankali, harshe a waje. Ta yi kamar hamsin kafin na ɗaga kai na lura.

"Adda! Takardarki a juye take. Kan rubutun yana wajen cikinki."

Saraya ta fashe da dariya. Adda Dije ta ce, "Ina ruwana da kansa da gindinsa? Yadda na gani nake yi."

"Ba a rubutu a juye. Sai ka ce ba a taɓa ganin takarda a gidanku ba."

"A naku gidan yaushe aka gani? Ke da shekaranjiya da dangwale kike karɓar taki?"

Wannan ya ƙona ni. Na miƙa hannu na juya mata tarin gaba ɗaya, na sa yatsa na nuna mata akwatunanta bakwai a sabon zaman. Ta taɓe baki ta ce, "To, 'yan boko," ta ci gaba.

Ta kan farantin kuwa ban juya ta ba, ina bukatarta a gabana. Adda daga inda take zaune a kife take ganin alamar: baki ya buɗe ɗaya gefen, sanda ta koma sama. Da farko takardarta ma a kife take, don haka abin yana fita daidai. Yanzu na miƙar mata da takarda, ita kuma ta ci gaba da zana abin da idonta yake gani a kan faranti, tsaf, ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Matar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana yin daidai, ni mai karatu na zo na gyara ta.

Kwana biyu muka yi a kan farantin nan. Takarda ta sha danshi, biro yana tsallake, sai ka murza shi a tafin hannu ka hura masa. In hadari ya haɗo ɗaki ya yi duhu, mu ja farantin bakin ƙofa, kowa a zamanta. In feshi ya shigo mu ja da baya, mu rufe takardu da zane. Wajen azahar yunwa takan daina cizo ta koma jiri, akwatunan su riƙa yawo kamar kiyashi, harshe ya manne. Adda Dije ta yi gyangyaɗi da biro a hannu, in na taɓa ta ta ce tasbihi take yi. Saraya ba azumi take ba, amma ko ruwa ba ta sha a gabanmu ba. Na ce ta je gida ta ci wani abu, ta ce, "In dawo ina gyatsa, Adda ta cinye ni ɗanya?" Ranar Lahadi ta tafi coci da safe, ta dawo da sababbin biro biyu da ƙosai a ƙunshe, ta ce a ajiye sai an kira salla.

Ni ce mai dubawa. Kowace takarda na bi ta da yatsa, abin da nake nema ɗaya ne, kada a bar akwati fanko. Ba a bari ba. Lahadi da la'asar sakaliya muka gama, yatsu sun ƙage. Na jera su yadda aka fara, na farko a sama. Hauwa ta taso tana dafa bango, ta ɗaga kamar goma na sama ta duba gaba da baya. Waɗanda Adda ta yi kafin in sa baki ne. Ta ce, "Useko, na gode, Adda. Hannunki ya fi nawa kyau." Ta yi hawaye. Ranar muka buɗa baki da dariya, yaran suka ci ƙosai har suka lashe takardar da aka ƙunso shi.

Ranar Litinin Hauwa ta tafi da sassafe. Kafin azahar sai ga ta, ko sallama babu. Ta ce an fara jarrabawa ba a daɗe ba hannuwa suka tashi. Yara biyu a benci ɗaya, tambaya ɗaya, na wannan ya ce babba, na wancan ya ce ƙarami, kuma da sanda a ka, abin da ba a taɓa koya musu ba. Aji ya rikice, na kusa da shi ma ya rikice, mai makaranta ya fito da kansa ya ce a tattara takardu, an soke.

Na ce ba zai yiwu ba, ni na duba da kaina. Ashe ranar Asabar tana jin faɗanmu daga kwance, a hanyar dawowa ta gano abin da ya faru. Ta ɗora takardar jan biron a kan farantin, ta kama hannuna ta zagaya da ni, ta zaunar da ni inda Adda Dije ta zauna. Na duba. Bakin kaza ya koma ɗaya gefen, sanda ta hau sama.

Ta ce, "Mai makarantar ya ce in je jibi. Na gaya masa a shagon Malam Buba takardun suka kwana, a can na zauna na cike da hannuna, zazzaɓi ya juya mini ido. Dada, don girman Allah ki bar shi a haka."

Na ce to.

Talata da safe na kai ɗan abin da muka samu wurin niƙa. A layi na ji wata mata da ɗanta yake makarantar tana ba da labari, ba ta san ni ce uwar ba. Wai an ɗauko musu malamar lissafin da ba ta san babba da ƙarami ba. Mata suna ta dariya. 'Yar da na sayar da awakina kaf na kai ta kwaleji. Na bar ƙwaryata wurin mai injin, ban koma gida ba, na miƙe sai Barunde. Da ƙafa, da azumi, na tsallake kwari ruwa har gwiwa, yashi yana zare mini takalmi. Duk hanya ina tsara maganata ina jin daɗin kaina. Na ce yau zan wanke 'yata.

Mai makarantar dattijo ne mai tabarau. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ga tsohuwa da taɓo har ƙwauri, ya sa aka ba ni kujera.

"Mama, lafiya?"

"Ni ce uwar Malama Hauwa. Na zo in gaya maka 'yata ta san aikinta. Ba ita ta juya alamar nan ba, ni ce."

"Ke?"

"Ni. Ita tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Mu uku muka cike, a ɗakina."

Na kwashe komai na faɗa masa, har farantin da yadda muka zauna. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Mama, a gidanku takardun suka kwana?"

"Kwana uku."

"Su wa suka gan su?"

"Ni da Adda Dije da Saraya. Adda ba ta karatu, ni ba na jin Turanci."

"Sarayar fa?"

Sai a lokacin na ji nauyin abin da Hauwa ta ce ranar Juma'a.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya ɗaga. Ya ce, "Wannan gargaɗi ne. Da gobe zan ba ta, ta sake tambayoyi, ta koma aji, in ƙara mata zango ɗaya. Na ga yadda take rawar sanyi jiya, na ce rashin lafiya ce." Ya mai da ita aljihun. "Amma malamar da ta kai jarrabawa gida aka shimfiɗa wa maƙwabta, ta kuma zo ta yi mini ƙarya, ba ni da wurin ajiye ta. Ga magatakarda yana ji, ga malamai a bakin ƙofa. Gobe iyaye sun sani."

Na waiwaya. Ashe da ƙarfi nake magana yadda na saba, har an taru.

Na ce, "To injin da ya zubar da alamomin fa? Shi wa zai kora?"

Ya ce, "Injin ba ni na ɗauke shi aiki ba, Mama."

Na sauka daga kujera na durƙusa. Tun da aka binne mijina ban durƙusa wa namiji ba. Na ce ya kira 'yan sanda su kama ni, ni na yi. Ya ce, "Tashi, Mama, kina azumi." Ya sa aka raka ni waje.

Ban gaya wa Hauwa ba. Na biya na ɗauko ƙwaryata, na ce layi ne ya yi tsawo. Na dama kunu ta sha ta ce ya yi daɗi, tana ta tsara sababbin tambayoyi a littafi ko za a nema.

Ranar Laraba ta goge hijabinta da dutsen guga na gawayi ta tafi. Na zauna a bakin ƙofa, ban je gona ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga ta da baƙar leda a hannu, kofinta ne a ciki da sallayarta. Ta wuce ni ta ajiye ledar, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Dada, wa ya aike ki?"

"Suna cewa ba ki san babba da ƙarami ba."

"Su yi ta cewa mana. Da suna cewa, ni kuwa ina aji."

"Gaskiya na faɗa."

Ta ce, "Na sani. Ai ke ba ki iya faɗin komai sai ita." Ta shiga ɗaki ta ja labule.

Labari ya riga ta zuwa makarantun garin nan. Ta nema a Barunde, ta nema a Hammadu Kafi, har bayan gari, ko'ina sai a ce za a neme ta. Sallar shekarar da tsofaffin kaya yaran suka je idi. Da kaka ta yi Saraya ta ba ta gefen kaskonta, daga baya ta kafa nata. Da shi ta yi wa 'ya'yanta karatu, a bakin titi, cikin hayaƙi. In 'yan unguwa suka kawo mata lissafi tana tuya, sai ta ce su je wurin malaminsu. Ba ta sake shiga aji ba. Gida ɗaya muke har yau, ita take dafa mini, ita take kai ni asibiti, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗa baki ta ce ni na jawo ba. Ni ce nake faɗa.